Bindiga mai harbi gaba da baya: farautata ta farko a duwatsun Kolorado

Akwai wani ɗan tabo a saman girata ta dama, siffarsa kamar jinjirin wata. 'Yan'uwa kan tambaye ni labarinsa a masallaci bayan sallar Juma'a, ni kuwa sai in yi dariya in sako wani zancen. Yau dai zan faɗa. Bindigata ce ta yi min shi, a ranar farko da na harba ta, a gaban mutane. Na saye ta ne don farautar wata dabba da ake kira elk a duwatsun jihar Kolorado ta Amurka, kuma na zaɓi mafi ƙarfin da kuɗina suka iya saya, bisa lissafin cewa ƙarfin harsashi zai rufa min asiri inda gwanintata ta gaza. Abin da wannan lissafi ya jawo wa wata dabba da ba ta ji ba ba ta gani ba shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Karatun digiri na uku ne ya kawo ni Kolorado. Na kama hayar ɗaki a ƙasan gidan wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Tun makon farko nake kiransa Baba, shi ma da na gaya masa ma'anar sunan sai ya karɓa da murna. A garejinsa akwai wani ƙaton firiza maƙare da nama, an naɗe kowane ƙulli a farar takarda an rubuta shekara a kai. Da na tambaye shi, sai ya ce rabonsa da sayen jan nama a kanti tun kafin a haife ni. Duk kaka yakan hau dutse ya harbo elk guda, ita ce cefanen gidansa na shekara.

Maganar ta shige ni saboda dalili biyu. A lokacin sai na yi tafiyar kusan sa'a guda a mota kafin in samu naman halal, ga shi da tsada. Sannan kakana maharbi ne, ya yi farauta da bindigar toka a dazukan Ningi ta jihar Bauchi. Ban riske shi ba, amma na tashi ina jin labarinsa a bakin baffana. Sai na ji a raina cewa abin a jinina yake.

Elk dangin barewa ce, sai dai duk wanda ya ji barewa ya ƙiyasta girmanta zai sha mamaki. Namiji yakan kai kilo 320, mace kuwa kusan kilo 230. Wanda ya taɓa ganin gwanki a Yankari yana kusa da fahimtar abin da nake nufi. Babu jihar da ta kai Kolorado yawansu a duk Amurka. A farkon ƙarni na 20 saura kaɗan a ƙarar da su saboda harbin kan mai uwa da wabi, yau kuwa sun kai kusan miliyan ɗaya a Arewacin Amurka. Cikin abin da ya dawo da su akwai dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda a ƙarƙashinta ake cire harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsasai ana ba jihohi don kula da namun daji.

Kafin in yi nisa, ga wata magana ga ɗalibai 'yan'uwana, domin a nan ne mutum zai iya jefa kansa cikin bala'in da zai raba shi da karatunsa. Dokar tarayyar Amurka ta haramta wa wanda ya shigo da bizar zaman wucin gadi, irin ta ɗalibai, ya mallaki bindiga ko harsashi, kai ko ya riƙe ma. Akwai 'yan togaciya, kuma wadda ta shafe mu ita ce mutum ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki wanda wata jiha ta bayar. Ranar da lasisin ya ƙare, ranar ce kariyar ta ƙare, ko da bindigar na kulle a akwati. Kowace jiha tana da nata dokoki a kan na tarayya, jami'o'i ma suna da nasu. Ni sai da na yi tambaya a ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje kafin in taɓa komai.

A Kolorado, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin horar da mafarauta ya ci jarrabawa kafin a sayar masa da lasisi. Lasisin da na samu na mace ne, a yanki guda, cikin kwanaki ƙidayayyu. Dole mutum ya sa riga da hula masu launin ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli don kada wani maharbi ya ɗauke shi dabba. Ana fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, a daina rabin sa'a bayan faɗuwarta. Game da bindiga kuma, abin da dokar ta nema don elk bai taka kara ya karya ba: faɗin bakinta ya kai inci 0.24, ƙwayar harsashin kuma ta kai kusan giram biyar da rabi.

Ni ban tsaya a nan ba. Na shafe makonni ina kallon bidiyon mafarauta a YouTube, na fito da sunan harsashi guda a bakina: .300 Winchester Magnum. Na samu bindigar kwance a wani kanti mai lasisi, aka binciki takarduna, na biya. Mai kantin bai tilasta min ba, har ma ya tambaye ni ko na taɓa harba irinta. Na ce masa zan koya. Da Baba ya buɗe akwatin ya gani, sai ya ɗaga ta ya auna nauyinta a hannu, ya ce, "Ɗana, ka sayo babban doki alhali ba ka taɓa hawa jaki ba." Ya kulle ta a ma'ajiyarsa ta ƙarfe tare da nasa.

Kalmar magnum daga Latin take, ma'anarta babba. Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, albarushin da ke cikinsa, ɗan maɓallin gindi da ke kunna wuta, da ƙwayar da ke fita ta sami dabba. Abin da ake kira magnum shi ne harsashin da aka yi wa kwanso mai faɗin ciki don ya ci albarushi da yawa, ya tura ƙwayar da gudu fiye da na takwarorinsa. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 H&H Magnum a 1912, ya zama harsashin masu farautar ɓauna da zaki da giwa a Afirka, har ƙasa kamar Tanzaniya ta mai da girmansa mafi ƙarancin abin da za a tunkari dabba mai haɗari da shi. Daga kwansonsa ne kamfanin Winchester ya ƙero .300 Winchester Magnum a 1963.

Don a gane abin da na saya, sai an kwatanta shi da .30-06, harsashin da sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906, wanda mafarauta ke kashe elk da shi tun zamanin kakanni. Ƙwayarsu faɗinta ɗaya, kuma ana iya ɗora wa kowanne mai nauyin giram 11.7. Daga bakin .30-06 tana fita da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, daga bakin magnum kuwa kusan mita 900. Wato magnum yana ƙona albarushin da ya ɗara da kusan kashi 30 cikin 100 don ya samu ƙarin gudu na kashi 10, wanda ke ba shi ƙarin ƙarfin duka na kusan kashi 20. Amfanin wannan gudu a nesa yake bayyana. Idan aka daidaita saitin bindigogin biyu a mita 180, to a mita 365 ƙwayar magnum za ta sunkuya ƙasa da kusan rabin mita, ta .30-06 kuma da kusan santimita 60. Bambancin bai kai taƙi ɗaya ba. Iska ma ba ta karkatar da mai gudun kamar yadda take karkatar da ɗayar. A ƙasa da mita 250 kuwa, bambancin bai wuce faɗin 'yan yatsu ba.

Abin da bidiyoyin ba su sa na ji a jikina ba shi ne farashin wannan gudu. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba, yana tura bindigar baya. A Hausa maharbi yana harbi, jaki ma yana harbi, to magnum ta haɗa duka biyun. Ga ƙara mai kashe kunne, ga tsadar harsashi, ga shi zafin albarushin yana cinye cikin bututun da wuri.

Ranar Asabar ta farko Baba ya kai ni filin gwajin harbi. Na zauna a benci, na kafa ido a madubin saiti, na matso da fuskata kusa don in ga takardar sosai. Ina jan kunama sai na ji kamar an kwaɗa min guduma a goshi. Bindigar ta ja da baya, bakin madubin ya tsaga min gira, jini ya sauko har cikin ido. Mutanen da ke gefe suka yi ta ba ni haƙuri suna danne dariya, domin kusan kowa a wurin ya san wannan tabo. Aka manna min filasta, na ce sai na ci gaba. Harsashi biyar da na ƙara harbawa a nisan mita 90 suka watsu a takardar, faifai ma ba zai rufe su ba.

Na ce madubin ne ya goce. Baba bai yi musu ba. Ya karɓi bindigar ya harba uku, ramukan suka kusa haɗewa. Sannan ya ce in juya baya, shi zai riƙa ɗura min harsashi ɗaya-ɗaya yana miƙo min. Na farko ya tashi. Na biyu ya tashi. A na uku na ja kunama, sai na ji ƙas kawai, ashe harsashin roba ya sa. Amma ni na riga na runtse ido, na ɗaga kafaɗa, bakin bindigar ya yi ƙasa kamar ana sara da gatari. Ba abin da ya fashe, ni kaɗai na zabura. Ashe tun kafin ƙwaya ta fita jikina yake gudun shurin da ke tafe, kuma ƙarar harbin ce ke ɓoye min hakan.

A daren nan Baba ya fito da wata siririyar bindiga daga ma'ajiya, .270 Winchester, ta marigayiya matarsa. Ya ce ta kashe elk da ita fiye da yadda zai iya tunawa, in ɗauka in je da ita. Ya ba ni misalin ƙasar Suwidin, inda mafarauta suka daɗe suna kayar da moose, dabbar da ta fi elk girma, da harsashin 6.5x55 wanda bai kama ƙafar magnum ba. Na yi godiya na ƙi. Na riga na kashe kuɗi, na riga na tura wa abokai hoto. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutanenmu.

Da ya ga na kafe, sai ya tsara min horo na mako shida. Kullum da dare in ja kunama sau ashirin da harsashin roba, idona a buɗe. Ranar Asabar in harba ƙaramar bindigar .22 wadda ba ta shuri, magnum kuwa kada in wuce harsashi shida. Muka sa wa gindinta matashin roba, na riƙa toshe kunne da abu biyu. Kafin ƙarshen Oktoba ina iya tara harbi uku a wurin da tafin hannu zai rufe. Sai dai duk a kan benci ne, ina zaune, numfashina a kwance.

Ya kuma koya min cewa irin ƙwayar ya fi sunan harsashin muhimmanci, musamman ga magnum, domin gudu mai yawa yakan tarwatsa ƙwaya mai laushi tun a kan fata. Abin da ya faru ke nan da wani Ba'amurke, John Nosler, a 1946, lokacin da ya harbi moose mai taɓo a jiki a lardin British Columbia na Kanada da .300 H&H Magnum, ƙwayoyin suka kasa shiga yadda ya kamata. Ya koma gida ya ƙero ƙwaya mai shamaki a tsakiya, gabanta ya buɗe kamar naman kaza, bayanta ya ci gaba da ratsawa, ya fara sayar da ita a 1948. Ni na zaɓi ƙwayar jan ƙarfe zalla, saboda mai dalma takan bar ɓurɓushi a nama, kuma na san yaran masallaci za su ci. Jihar Kalifoniya ma ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019.

Saura hukuncin addini. Na samu limaminmu bayan sallar Isha'i na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta in ci abin da na harbe da bindiga?" Ya ce malamai na baya-bayan nan sun halatta, domin ƙwayar tana huda jiki ta zubar da jini, kuma hudawa ita ce abin da hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya rataya hukuncin a kai. Ya ba ni sharuɗɗa: in ambaci sunan Allah a lokacin harbi, wuƙa ta kasance a kusa da hannuna, idan na tarar da dabbar da sauran rai in yanka ta. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ba a son maharbi ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba, kuma abin da ya kwana ba a gan shi ba akwai magana a kan cinsa. Na amsa da to, ban san cewa waɗannan sharuɗɗa biyu na ƙarshe za su tsaya min a wuya ba.

A farkon Nuwamba muka kafa tanti a dajin White River, gabas da garin Meeker, a tudun da ya kai kusan mita 2,700 daga teku. Sanyin dare yakan daskarar da ruwan buta, sai na ɗumama kafin in yi alwala. Iskar can ba ta ƙosar da huhu, taku hamsin a hawa sai mutum ya tsaya yana haki. Kwana biyu muna yawo cikin dusar ƙanƙara, sawu kawai muke gani da kashi.

A rana ta uku, hantsi bai gama ɗagawa ba, muka haura wani tudu da sauri saboda Baba ya ji motsi. Muna leƙawa sai ga garke a ɗaya gefen kwarin, sun kai goma sha biyu, suna kiwo a gindin itatuwa. Na'urar auna nisa ta nuna mita 240. Wata babbar mace ta ware gefe, ta ba mu haƙarƙari. Baba ya raɗa min, "Kwanta. Ɗora a kan jaka. Kada ka harba sai numfashinka ya dawo. In sun tafi, sun tafi."

Na kwanta. Zuciyata na bugawa har a kunnuwana, alamar saitin tana rawa daga kafaɗarta zuwa cikinta. Na san wurin da ake nema: bayan kafaɗa kaɗan, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda huhu da zuciya suke. Sai na ga wata daga cikinsu ta ɗaga kai tana shinshina iska. Wani tunani ya zo min, wanda har yau nake jin kunyarsa: ai magnum ce, ko ina ta samu za ta kayar. Na yi bisimilla, na ja.

Garken ya watse. Ita kuwa ta ƙanƙame jiki, ta ɗaga gadon baya, ta taka a hankali ta shige duhun itatuwa kafin in sake ɗura wani. Na juyo ina murmushi. Baba ya sauke madubin hangen nesansa, ya ce, "Ka rufe ido."

Muka tsallaka kwarin zuwa inda ta tsaya. Jinin da ke kan dusar ƙanƙarar ja ne mai duhu, babu kumfa. Baba ya durƙusa ya duba, ya shinshina. Ya ce jinin huhu yakan zo da haske da kumfa, na tumbi kuma yakan zo da ciyawa da wari, wannan na hanta ne. Za ta mutu, amma ba yanzu ba. Idan aka ƙyale ta, za ta yi ɗan nisa ta kwanta. Idan muka bi ta yanzu, za ta tashi ta yi gudun kilomitoci zuwa inda ba za mu ƙara ganinta ba, ta mutu a can, dila da hankaki su ci. Ya ɗaura ƙyalle a reshe ya ce sai bayan sa'a huɗu.

Ban taɓa yin zama mai tsawon wannan ba. Malam ya ce kada in yi sakaci wajen bi, Baba ya ce bin ne zai sa in rasa ta. Idan ta mutu ina zaune, me zan ce game da naman? Idan dare ya yi ba mu gan ta ba fa? Can cikin itatuwan nan kuma akwai wata halitta da ke kwance da rami a cikinta saboda na kasa jiran numfashi goma. Na tuna abin da baffana ke faɗa game da kakana: bindigarsa harbi ɗaya take yi, kafin a sake ɗura ta dabba ta yi nisan duniya, saboda haka yakan yi rarrafe har sai ya ji ƙarar tuƙar dabbar, kuma sau da yawa yakan dawo gida bai harba ba. Na yi sallar Azahar a kan rigar sanyina, na roƙi Allah Ya sa in same ta da rai.

Da lokaci ya cika muka fara bi, ni a gaba da bindiga, Baba a baya yana duba ƙasa. Ɗigo a nan, shafa a jikin reshe can. Wani wurin jinin ya ɗauke, sai sawu, kuma sawun ya gauraye da na sauran garken, muka yi ta zagaye kafin Baba ya ga wani ɗigo kamar ƙwayar gero a kan gungume. Mun yi kusan mita 600 a cikin fiye da sa'a guda. Sai ya dafa kafaɗata. Tana kwance a gindin wani itace, taku arba'in daga inda muke, kanta a ɗage, tana kallonmu. Na durƙusa, na jingina bindigar a jikin itace, na sake bisimilla. Wannan karon na ga lokacin da ƙwayar ta same ta.

Na isa da gudu, Baba yana gargaɗina in bi ta baya saboda kofato. Da sauran numfashi. Muka juya wuyanta wajen arewa maso gabas, inda alƙibla take daga Kolorado, na yanka. Hannuna na rawa, ban iya cewa komai ba. Da muka feɗe ta, sai ga hanyar harbin farko: ƙwayar ta shiga fiye da taƙi ɗaya a bayan inda na nufa, ta ratsa hanta, ta fita ta ɗaya gefen. Ta buɗe yadda aka ƙera ta ta buɗe, ta ratsa yadda aka ce za ta ratsa. Ƙarin ƙarfin nan na kashi 20 da na biya kuɗi na kuma zubar da jinin gira a kansa ya wuce ya nutse a cikin tudu.

Aikin gaske sai a lokacin ya fara. Na sa hannu a takardar lasisi na ɗaura a jikin naman kamar yadda doka ta ce. Dokar Kolorado ta haramta barin naman da ake ci ya lalace a daji, saboda haka cinyoyi biyu, kafaɗu biyu, naman gadon baya da na cikin ƙugu duk sai an fito da su. Muka zuba a jakunkunan yadi, muka rataye wasu a reshe, muka fara jigila a baya zuwa inda mota take, tafiyar kusan kilomita uku. Sawu biyu muka yi da fitilar goshi, na uku da safe. Muka kai kan a yi gwajin wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama dangin barewa, wadda a nan Kolorado aka fara gano ta a 1967, kuma ba mu taɓa naman ba sai da sakamako ya fito lafiya.

Da aka cire ƙashi, naman ya haura kilo 70. Ja ne sosai, ba kitse, ya fi na sa laushi idan ba a bar shi ya daɗe a wuta ba. Na koma wurin Malam na ba shi labari tiryan-tiryan, har da jiran sa'a huɗun. Ya ce tunda na same ta da rai na yanka, babu sauran magana. Matar wani ɗan'uwa daga Damagaram ta yi mana dambu, ni da wani ɗalibi ɗan Kumasi muka gwada kilishi a tanda, muka raba sauran gida-gida.

Na kira baffana na ba shi labari. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya tambaye ni nisan da na yi harbin. Na ce kusan tsawon filin ƙwallo biyu da ɗori. Ya ce, "To kai ɗan nan, me ya hana ka matsawa?" Na ce, "Baffa, bindigar tana kaiwa." Ya ce ai ba bindigar ya tambaya ba.

Magnum tana da wurinta, ba zan ɗora mata laifina ba. Wanda ke farauta a fili mai iska inda ba a iya kusantar dabba, ko mai neman moose a Alaska inda beyar ke yawo, ko mai tunkarar ɓauna, yana da dalilin ɗaukarta, muddin ya harba ɗaruruwan harsasai da ita har jikinsa ya daina gudunta. Ga ɗan'uwan da ke son farawa kuwa, shawarata ita ce ya fara tabbatar da matsayinsa a doka, ya yi kwas, ya nemi dattijon da ya san dajin. Ya zaɓi harsashi matsakaici irin .308 ko .270 ko .30-06 da ƙwaya mai kyau. Kuɗin da ya rage ya kashe su a filin gwaji, yana harbi a kwance da durƙushe, bayan ya yi gudu yana haki. Ya sa wani ya riƙa ɓoye masa harsashin roba a cikin na gaske. Nisan da zai iya samun faranti sau goma cikin goma a haka, shi ne iyakarsa a daji.

Bana na sake samun lasisi. Iyakata mita 180 ce, na rubuta ta a filasta na manna a gindin bindiga. Makon jiya na sami Baba a gareji na ce masa, in har tayin nan na bara yana nan, ina so. Bai ce komai ba, ya buɗe ma'ajiya ya miƙo min bindigar matarsa, ya ce in kula da ita, kuma ranar Asabar ƙarfe bakwai mu haɗu a mota.